Garin da Ustaz Bai Taɓa Zuwa Ba

Mu ba mu gaji bikin zagayowar ranar aure ba. Mahaifina ya zauna da mahaifiyata shekara arba'in da wani abu a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, kuma da za a tsare shi a tambaye shi ranar da aka ɗaura musu aure, iyakarsa ya ce shekarar da fara ta cinye dawa. 'Yarmu ta fari ce ta kawo mana wannan sabon salo. Tana aure a Jidda, ta bugo waya ana tsakiyar yankan riɗi, ta ce bana aurenmu zai cika shekara ashirin da biyar, don haka in ɗauki mahaifiyarta mu fita waje mu biyu kawai, mu ga tsofaffin gine-gine, mu ci abincin da ba ita ta dafa ba. Na ce mata ƙasa tana cikin yaƙi, wa yake zancen yawon buɗe ido? Ta ce, "Yaba," haka suke kirana, "yaƙin bai hana riɗinka yin kyau ba. Yumma fa, matarka, ba ta taɓa ganin teku ba."

Wannan maganar ta zauna mini. Ni manomi ne, ɗan manomi. Na san baƙar lakar garin nan da ke cire wa mutum takalmi da damina, na san hadarin da zai zubar da ruwa da wanda zai yi ta cika baki ya wuce. Amma ban san matata ba ta taɓa ganin teku ba, don ban taɓa tunanin abin ba. Ita malamar makarantar 'yammata ce, shekara da shekaru tana zana wa yara taswirar duniya a allo da alli.

Kafin in ci gaba, dole in faɗi wane ne Ustaz, domin shi ne ƙashin da ya tsaya mini a wuya. Ɗan unguwarmu ne, jikan Hausawa mahajjata kamar mu, sai dai shi karatu ya ɗauke shi tun yana saurayi, ya ƙare yana koyar da tarihi a jami'a a Khartum. Da yaƙi ya ɓarke ya gudo Madani da iyalinsa, da Madani ta rikice ya sake gudowa nan a bayan babbar mota, shi da 'yarsa da jikoki biyu. Matarsa ta rasu tsakanin gudun farko da na biyu, ciwon suga, ba magani. Ya iso da jaka ɗaya da tabarau mai karyayyen hannu da aka ɗaure da zare. Ni da bakina na ce ya shiga ɗakunan marigayi mahaifina da ke gefen gidanmu. Ba wanda ya roƙe ni. Na yi don Allah, kuma da za a sake zan sake yi.

Abin da kowa a unguwa ya sani, ba wanda yake faɗa a gabana, shi ne kafin in nemi matata, mutanen Ustaz sun taɓa kai gaisuwa gidansu. Daga nan ya tafi Masar karatu, ni kuma na shigo, aka ɗaura mana aure. Shekara ashirin da biyar ban taɓa tambayarta ba: ita ce ta zaɓe ni, ko kuwa shi ne ya makara? Muddin yana Khartum tambayar tana kwance ba ta motsi. Yanzu ga shi katanga ɗaya ce tsakaninmu, ba mata, ga furfura da ta yi masa kyau. Unguwa na kiransa Ustaz, tana kiran matata Ustaza, ni kuwa Abul Banat, wato uban 'yammata, don 'ya'ya mata huɗu Allah ya ba mu.

Kullum bayan la'asar muna zama a ƙarƙashin rakuba, rumfar karan da ke tsakar gida, mu sha jabana, wato gahawa. Matata ke soya 'ya'yan gahawa a kan gawayi, ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, ta daka da citta da kanumfari, ta zuba a ƙaramin tulun ƙasa mai dogon wuya. Da can zaman namu ne da 'yammatanmu. Da baƙi suka zo, ba yadda za a yi ƙamshi ya tsallaka katanga a ce ba a kira su ba. Ustaz kuwa Allah ya yi shi da baki. In ya fara labarin wani gari, sai ka ga titin, ka ji ihun masu talla. Ni dai ba labarin nake saurare ba, taɓaryar nake saurare. Na san dakan matata kamar yadda na san tafiyarta, kuma na lura in labari ya yi daɗi taɓaryar takan tsaya a sama. Ni in ina zancen tsutsar da ta shiga gona ko direban tarakta da ya gudu garin Hawata, taɓarya ba ta taɓa tsayawa ba.

Wata rana ya ba da labarin Zanzibar. Ya ce tsibiri ne, lungunansa matsattsu har mutum biyu sai sun karkace, ƙofofin gidaje na katako ne masu sassaƙa da manyan ƙusoshin tagulla, kuma a ƙauye ana shanya kanumfari a kan tabarmi a bakin hanya, iska duk ƙamshinsa take yi. Matata ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga gwangwaninta ta riƙe tana kallo, kamar ranar ta fara ganin kanumfari. Gahawa ta tafaso ta zube a wuta ba ta sani ba.

Kwana uku bayan haka na same ta da safe tana guga, na gyara murya na faɗa mata shawarar 'yarmu, na ce na yarda. Na ce, "Ke za ki zaɓa. Duk inda kike so." Na zaci za ta yi dariya, ta ce in bar wasa, ko ta nemi kwana biyu ta yi tunani. Ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "Zanzibar." Fuskarta ta yi haske irin wanda na daɗe ban gani ba. Na ce to, na fita. Ban kai bakin ƙofa ba abin ya soke ni. Saurin amsar ne ya ci ni. Wato garin yana nan a bakinta a shirye, kuma wani ne ya sa shi a wurin. Na hango kaina ina biye da ita a lungunan nan tana cewa, a nan ne Ustaz ya ce kaza, waccan ce ƙofar da Ustaz ya faɗa. Ni in ɗauki jaka, shi ya yi jagora daga Gadarif.

Kishi nake yi, ba wani suna da zan ba abin. Sai dai a lokacin na ce wa kaina dabara ce. Na ƙudura zan nemo garin da ƙafar Ustaz ba ta taɓa takawa ba, in kai matata can, duk abin da ta gani ya zama ni na nuna mata.

Na fara bin sa da tambaya kamar mai neman ilimi. A hanyar masallaci na ce, "Ya Ustaz, Santambul fa, ka taɓa zuwa?" Ya ce sau biyu, ya kama ba ni labarin masallatai da jiragen ruwa har muka makara raka'a ɗaya. Washegari na gwada Fas ta Maroko. Ya ce ai a can ya taɓa ɓacewa wuni guda a unguwar majema. Alƙahira ban ma tambaya ba, shekara shida ya yi a cikinta. Na sauko kusa, na ce Gondar da ke bayan iyakar Gallabat, mai gidajen sarakunan Habasha. Ya ce ya kai ɗalibai can. Maskat, ya je taro. Mutumin nan da ba shi da ko katifar kansa, duniya duk tasa ce. Shi kuma bawan Allah murna yake yi, ya ɗauka ya samu ɗalibi. Har ya ce wa 'yarsa bai san Abul Banat yana da son tarihi haka ba.

Ranar Alhamis muna dawowa daga jana'iza, don gajiya kawai na ce, "To Kano fa?" Sai ya tsaya cak. Ya cire tabarau ya goge da gefen jallabiyarsa. Ya ce, "Wallahi ya ahuy, ɗan'uwana, wannan ita ce kunyata. Kusan shekara ashirin ina koyar da hanyar da kakanninmu suka biyo da ƙafa, amma ban taɓa ganin inda ta faro ba." Na yi masa jaje da fuska, zuciyata kuwa rawa take yi. Kano! Ga ganuwa, ga marina, ga kasuwa mai shekaru ɗaruruwa, duk abin da 'yarmu ta ce a gani akwai shi. Ga harshe namu ne, ba mai fassara mini. Na yi mamakin yadda ban tuna da ita tun farko ba.

Kuskuren da na yi, na yi shi ne ranar Juma'a. Bayan an sallame muna zaune da dattawan unguwa a inuwar dalbejiya, sai na ɗaga murya yadda Ustaz zai ji, na ce in Allah ya yarda da an gama sussukar riɗi zan kai iyalina Kano. Ban faɗa wa matata ba tukuna. Na ce a raina in na koma gida na yi mata albishir.

Wanda ba namu ba ba zai gane abin da na tayar ba. Kakanninmu sun baro yamma da niyyar hajji, suka yada zango a nan don su yi noma su samu guzuri, zangon ya zama gida. Wasu sun isa Makka, wasu ba su isa ba, amma waɗanda suka koma baya ba su da yawa. Kowane gida a unguwarmu yana riƙe da sunan wani gari da ba wanda ya taɓa gani a cikinsa, wannan Haɗeja, wancan Kazaure, wancan wani ƙauye da ba a ma tabbata yana nan ba. Mutum bai isa ya ce zai je can don ya sha iska da matarsa ba. Duk wanda ya ce zai je, ya zama ɗan aiken kowa.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da mata uku a rakuba suna yi wa matata barka, ita kuma tana amsawa tana murmushi, tana zuba musu shayi. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta mayar da kanta ga buta. Da suka tafi na buɗe baki zan yi bayani, ta ce, "Akwai abinci a rufe," ta shige ɗaki.

Daga ranar gidanmu ya zama tasha. Wani tsoho ya kawo wasiƙar ajami da ta yi ja don daɗewa, ya ce ta ƙanin kakansa ce, in nemo zuriyarsa a wata unguwa kusa da wata rijiya. Liman ya ce in ziyarci kabarin malamin kakansa, bai san maƙabartar ba amma ai in na tambaya za a nuna mini. Masu son goro, masu son daddawa ta asali, masu son hula. Wata ta ce in ɗebo mata ƙasa ko cikin cokali ce, a zuba a kabarin uwarta. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, mai shekara kusan tamanin, ta zo da sanda da wani ƙaton mabuɗin ƙarfe da kakarmu ta taho da shi. Na miƙa hannu zan karɓa, ta janye. Ta ce, "Wa ya ce maka aike zan yi? Da ni za a je. Jawaz, wato fasfo, kawai za ka yi mini." Kafin Talata mutum huɗu sun sa kansu a tafiyar. Kayan saƙo suka cika angarebu guda, gadon igiyar da nake kishingiɗa a kai da rana, har na rasa wurin miƙe ƙafa. Matata tana karɓar kowa da fara'a, tana rubuta sunan mai kaya a jikin kowane ƙulli da kyakkyawan rubutunta na malamai. Da ni kuwa ba ta wuce ina kwana da ga ruwan wanka.

Ranar Laraba da hantsi Ustaz ya yi sallama. Ya sa jallabiyarsa mai kyau guda ɗaya, ya zauna a bakin tabarma yana juya tabarau a hannu. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Abul Banat, na san na yi muku nauyi da yawa. Amma tun da na ji gwaggo za ta, na ce bari in cire kunya. In da hali, ku tafi da ni. Wani tsohon ɗalibina zai ɗauki nauyina, ba zan zame muku kaya ba. Ni dai in ga ganuwar nan kafin in mutu." Idonsa ya kawo ruwa. Na ce masa Allah ya nuna mana lokacin. Me zan ce? Na bi duniya gari-gari na tsamo wuri ɗaya tak da ba shi a ciki, ga shi zai zauna kusa da mu a jirgi, ya yi wa matata bayanin ganuwa tubali-tubali.

Da ya fita na shiga ɗaki a fusace. Tana zaune a ƙasa tana duba littattafan ɗalibai da jan biro. Na ce, "Kin ji? Har shi ma zai bi mu." Ba ta ɗago ba ta ce, "Ai gara. Ya fi kowa sanin tarihin wurin." Nan na ƙarasa tunzura. Na faɗi abin da ban yi niyyar faɗa ba. Na ce ai dama na sani, ko Zanzibar ɗin ma daga bakinsa ta ɗauko, ba nata ba ne.

Ta rufe littafin, ta ajiye biro a kai. Ta ce, "Eh, daga bakinsa na ji. Daga bakin wa kake so in ji? Kai ka taɓa ba ni labarin wani gari da ya wuce Mafaza da ke nan kusa?" Ta ce, "Ni ma in tambaye ka. Kanon nan, don kana son ta ka zaɓa, ko don shi bai je ba?" Ta riga ta san amsar. Da na ga asirina ya gama tonuwa, sai na ce bari in ƙarasa zubar da sauran. Na yi mata tambayar da na riƙe shekara ashirin da biyar. Na ce, "Da bai tafi Masar ba, da ni za ki aura?"

Ta dube ni har na ji kunya. Ta ce, "Wasiƙarsa ta zo tun kafin a sa mana rana. Ya ce a jira shi shekara ɗaya. Baba ya kira ni ya karanta mini, ya ce in zaɓa." Na ce, "To me ya sa?" Ta ce, "Shi in ya zo zance, shi ke magana ni ina saurare. Maganarsa da daɗi, har yau da daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba. Kai kuwa ka zo da ƙafafunka duk laka, ba ka iya zance ba, ka zauna kana murza hula. Sai ka ce mini, ke me kike so? Na ce ina so in gama makarantar malamai in yi aiki. Ka tsaya har na gama magana, ka ce tayyib, wato ka yarda. Kuma ka cika. Ba a taɓa tambayata abin da nake so a tsaya a ji amsa ba sai ranar." Ta ɗauki biro ta buɗe littafin. Ta ce, "Wannan karon ma ka tambaye ni, na ji daɗi kamar yarinya. Na ba ka amsa, ka wuce masallaci ka sanar da Kano."

Amsar da na daɗe ina tsoro ta zo, kuma ni ta zaɓa, amma ban samu damar jin daɗinta ba. Abu ɗaya da na fi mutumin nan da shi, ni da hannuna na jefar da shi a inuwar dalbejiya don in burge dattawa.

Kwana biyu na yi ina mayar da kaya gida-gida. Ban taɓa shan kunya irin wannan ba. Tsoho mai wasiƙa ya karɓa kawai, ya sa a aljihun ƙirji, wannan ya fi mini zafi a kan zagi. Liman ya yi mini nasiha a kan cika alkawari. Gwaggo ta kira ni ɗan banza, ta ce tun ina yaro ba ni da tsayayyar magana, ta nuna ni da mabuɗin kamar za ta ƙwala mini. Na yi mata rantsuwa cewa in muna raye baɗi zan kai ta, ita da duk mai son zuwa, har da Ustaz. Wannan alkawarin yana wuyana har yanzu. Shi Ustaz da na faɗa masa an ɗaga, ya ce ma'alesh, ba komai, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Bai tambaye ni dalili ba. Ina zargin ya gane, mutumin ba wawa ba ne.

Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna a rakuba kamar kullum, da shi da 'yarsa da 'yammatanmu. Matata ta soya, ta zagaya da kasko, ta fara daka. Na jira har ta zuba zagayen farko. Sannan a gaban kowa na ce, "Ustaza, ina kike so mu je?"

Ba ta yi saurin amsawa ba wannan karon. Ta gyara garwashi, ta ƙara ruwa a tulu, ta goge bakin kofi da yatsa. Shirun ya yi tsawo har Ustaz ya gyara zama, ya ce, "In za ku ji shawarata, a wannan watan..." Na ɗora hannuna a gwiwarsa. Na ce, "Ya Ustaz, bari ta faɗa." Muka jira, ni zuciyata tana roƙon ta ambaci ko'ina a duniya ban da wurin nan, ko don ta tausaya mini.

Ta miƙo mini kofina, ta dube ni cikin ido, ta ce, "Zanzibar."

Ya soke ni daidai inda ya soke ni da farko, bai ragu ko kaɗan ba. Na kurɓi gahawar da zafinta, ta ƙona mini harshe, ƙamshin kanumfari ya hau mini hanci. Na ce, "Tayyib."